Ƙaramin Kunne

Mantau, wanke hannunka tukuna,
man ƙuli-ƙuli nake gani a yatsunka.
To, buɗe akwatin, sannu.
Ga shi kwance cikin soso,
siriri kamar karan gero,
tsawonsa bai kai taƙi ba,
kuɗinsa ya kusa na babur ɗina.

Kada ka hura masa iska.
Na san haka ake yi a gidan biki,
a ƙwanƙwasa kan makirufo, a ce alo, alo.
Wancan jaki ne, ya saba da sanda.
Wannan, tantani ne a bakinsa,
faɗinsa bai kai farcen babban yatsa ba,
ɓawon albasar Galmi ya fi shi kauri.
Numfashinka guguwa ce gare shi,
ɗigon yawu kuwa, ambaliya.

Ba ya ji sai ya sha wuta,
arba'in da takwas, ta cikin waya.
Haɗa wayar, sannan ka kunna.
In za ka zare, kashe, rage murya, ƙirga goma.
Ni na taɓa yin gaggawa,
lasifika ta yi mini tsawa,
kwana uku kunnen hagu na kuka.

Damina ce kawai nake tsoro.
Shekaran bara, da tafkin Babaye ya cika,
na bar shi kan tebur ya kwana.
Da safe sai ya dinga cuwa-cuwa
kamar an jefa ƙosai a mai.
Tun ranar nake bin masu takalma a kasuwar Tawa,
ina roƙon ƴan ƙunshin nan masu shan danshi
da suke zubarwa da kwali.
Suna dariya, sun ɗauka laya nake haɗawa.
Laya ce mana.

Zauna, in gaya maka ranar Arzika.
A Bilbis ne, ɗakinsa na laka,
tsoho da gurmi, haƙora huɗu.
Na kafa wannan daidai bakin ƙwarya,
sauti ya fito kamar daga rijiya.
Na ja da baya taƙi biyu,
na karkata shi wajen da wuya ya haɗu da fata.
Nan tsarkiya ta buɗe baki.
Muka kashe fanka, muka kori zakara,
muka jira mai kabu-kabu ya wuce.
Na sa masa hular soso don iskar taga.

Ba ya zaɓe, Mantau, ba ya kara.
Ya ɗauki kiɗa, ya ɗauki abin da ba kiɗa ba:
gogar yatsa a kan tsarkiya,
ƙarar tabarma in tsoho ya gyara zama,
da wani ɗan tari, can wajen minti na shida,
da jan numfashi kafin kowane baiti,
mai nauyi, kamar mai hawan tudu da kaya.
Na ce zan yanke su in na koma aiki.
Kuran ya ɗauke, na manta.

Bayan sadakar arba'in, Tsahara ta zo,
ɗiyarsa ta fari, da jaka a hammata.
Na ɗora mata abin ji a kunne.
Kiɗan bai motsa ta ba, ta san shi tun goyo.
Sai da tarin nan ya zo
ta kama gefen tebur.
Ta ce, mayar baya.
Na mayar.
Ta ce, sake.

Sau bakwai, Mantau. Na ƙirga.

Don haka goge jikinsa da ƙyalle busasshe,
ban da ruwa, ban da turare,
bakin kuma kada ka taɓa.
Kwantar da shi, ƙunshi biyu a gefe.
Rufe. Ka ji ƙas?
Bai yi ba. Danna ta hagun,
ita ce mai gardama.